Katakon Awon Ba-Kuskure

Duk wanda ya taɓa sayen takalmi a layin nan ya san Ba-Kuskure. Wanda bai saya ba ma ya san muryarsa, domin in ya fara yabon kansa har masu shagon ƙarshen layi sai sun ƙara ƙarar rediyo. Sunan shi ya jawo wa kansa. Ko shayi ya zubar a riga sai ya ce da gangan ya yi, ya ɗaga yatsa sama ya ƙara da, "Ni ba na kuskure."

Shagon ba wani babba ba ne: kantoci uku cike da kwalaye, benci ɗaya, ɗan madubi a jingine a ƙasa, sai katakon awo. Wannan katako shi ne abin tinƙahonsa. Gadon mahaifinsa ne, yana da ɗan tudu a gindi inda ake jingina diddige, lambobin kuwa tsohon da kansa ya yanka su da wuƙa. Shekara arba'in ƙafafun layin suna goge shi har yana sheƙi. In katakon ya ce ƙafarka arba'in da biyu ce, to magana ta ƙare.

Da yayin sayen kaya ta waya ya shigo, shagon bai daina cika ba. Aljihun ne ya daina. Mutum zai shigo da fara'a, ya tambayi iyali, ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a katako, ya duba lamba, ya ce, "Bari in je in dawo." Bayan kwana uku sai ka ga Mai Jan Akwati, wani dattijo mai kawo kaya a babur, ya wuce ta ƙofar shagon da kwali a baya. Washegari kuma ga mutumin nan da sabon takalmi yana gaishe da Ba-Kuskure ko kunya babu.

Ranar da tura ta kai bango, tela ne ya shigo. Ya auna dama, ya auna hagu, sannan ya miƙe ƙafa a benci ya zaro waya ya hau latsawa.

"Yaya, don Allah duba min," in ji tela, yana miƙo wayar. "Baƙin ya fi ko ruwan ƙasan? Ka fi ni ido."

Ba-Kuskure ya dube shi, ya dubi wayar. "A shagona? A kan bencina?"

"Haba Yaya, ai gida ne. Nasu ya fi sauƙi ne kawai. Fankarka kuma akwai sanyi."

Bayan tela ya tafi, Ba-Kuskure ya fito ƙofa yana huci. Mai aski, wanda bango ɗaya ya raba su, yana tsaye yana kaɗe tawul.

"Maƙwabci, rubuta ka ajiye," in ji Ba-Kuskure. "Nan da wata guda ba mai ƙara sayen takalmi a waya a layin nan. Ni kaɗai zan durƙusar da su."

"Da me? Da wannan silifas ɗin naka?"

Silifas ɗin kuwa abin a duba ne. Shekara tara yana jan sa, an ɗinke, an liƙe, an soka masa ƙusa. Mai sayar da takalma ne, amma bai taɓa yarda ya ci riba a ƙafarsa ba.

"Da ƙwaƙwalwa," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshi. "Abin da Allah bai ba kowa ba."

Da rana tsaka ya ja ƙofa ya kulle kansa a ciki. Ya aro sanfefa a wurin kafinta, ya durƙusa ya dinga gurzar katakon har yankan wuƙar mahaifinsa ya ɓace sumul. Hannunsa ya ɗan tsaya a kan lamba ta ƙarshe, amma da ya tuna tela da fanka sai ya ƙarasa. Ya ɗauko fenti ya rubuta sababbin lambobi, kowace ya rage mata biyu. Mai arba'in da biyu zai ga arba'in. Wanda zai saya a shago ai zai gwada a ƙafa, ba abin da zai same shi. Wanda kuma ya zo satar awo, to ya je waya ta ji da shi.

Ba a yi kwana goma ba layin ya fara ɗingishi.

Tela ne ya fara, yana tafe kamar mai taka garwashi. Sai mai kantin magani, sai matar mai gyaran rediyo, sai direban da ke sauke kayan miya da safe. Mai kantin magani ya sayar da filasta har ta ƙare, ya rasa wadda zai manna wa kansa. Ba-Kuskure ya fito da kujera ƙofar shago yana kallo, daɗi kamar ya kashe shi.

"Ƙane, lafiya kake tafiya haka?" ya tambayi tela.

"Wallahi Yaya, takalman wayar nan ƙanana ne. Katakonka ya ce arba'in, na sayi arba'in, ga shi yatsuna sun hau kan juna."

"Allah sarki. Ka ga irin ta ko?"

Ya zauna yana jiran su dawo su tuba. Shiru. Abin da bai sani ba shi ne, mayar da kaya kyauta ne. Mai Jan Akwati ya dinga zirga-zirga, ya kawo, ya mayar, ya sake kawowa, kuma kowane sawu ana biyan sa. Har sabuwar hular kwano ya saya. Kullum in zai wuce sai ya rage gudu ya ɗaga wa Ba-Kuskure hannu ya ce, "Layin nan naku akwai albarka!"

Mai aski kuma, da yake bakinsa ba ya hutawa, shi ya warware wa jama'a matsalar. Duk wanda ya zauna aski sai ya ce masa, "Abin ai mai sauƙi ne. Ka je katako ya ba ka lamba, ka ƙara biyu, ka yi oda." Aka gwada, takalmi ya zauna daram. Shagon ya ƙara cika da masu awo, kowa yana ƙidaya da yatsa yana ƙara biyu a gaban idon mai shago.

"Ni za a yi wa lissafi?" in ji Ba-Kuskure. Ya sake jan ƙofa, ya shafe lambobin da fenti, ya rubuta sababbi. Wannan karon ƙara biyu ya yi a kan gaskiya. Jama'a suka zo, suka duba, suka ƙara nasu biyun.

Kai, wannan makon ba a magana. Layin ya tashi daga ɗingishi ya koma tafiyar agwagwa. Ta ko'ina sai ka ji faɗ, faɗ, faɗ. Tela ya cusa ragowar yadi a takalminsa, har ya fara sayar wa mutane ƙyalle a ƙulle don cikon gaba. Direba ya taka birki, takalmin ya taka, ƙafar ba ta taka ba, saura ƙiris ya shige shagon mai kifi. Matar mai gyaran rediyo ta tsallaka kwata, ita ta haye, takalmin ya zauna a can. Duk da haka ba wanda ya zargi katakon. Wa zai zargi katakon Tsoho? Waya ake ta zagi, ana kuma ta yin oda.

Da mutane suka gaji da lissafi sai suka sake dabara. Su shigo, su gwada takalmin shago har su sami wanda ya yi musu, su juya shi su karanta 'yar takardar lambar da ke manne a ƙasa, su ce, "Bari in je in dawo." Ba-Kuskure ya yi dariyar mugunta. Ya wuni guda yana ɓamɓare takardun yana sauya musu wuri, na yara a na manya, na manya a na mata, ya hautsina kwalayen, inda aka buga lamba a jikin roba ya goge da sanfefa. Katakon ma ya sake bi ta kansa karo na uku, ya rage uku, don kada wani ya ce ya gane kansa.

Yana cikin wanke hannu sai ga Hedimasta ya shigo da sandarsa. Tsohon malamin makaranta ne, abokin mahaifin Ba-Kuskure, kuma shi kaɗai ne a layin bai taɓa sayen ko allura a waya ba.

"Ɗana, arba'in da uku nake so, baƙi. Zan aika wa ƙanena, ƙafarmu ɗaya."

Ba-Kuskure ya juya ya dubi kantoci uku. Ya ɗauko wani da aka rubuta arba'in da uku, sai ga shi ɗan mitsitsi mai hoton kyanwa.

"Wannan sabon yayi ne, ɗana?" in ji Hedimasta, yana duba shi ta saman tabarau. Sannan idonsa ya faɗa kan katakon. Ya daɗe yana kallo. "Ina yankan wuƙar mahaifinka?"

"Gyara na yi masa. Zamani ne."

"Ina tsaye ya yanka su," in ji tsohon. "Kwana biyu ya yi, yana gwadawa da tef ɗin tela har sau uku kowace lamba." Ya gwada a ƙafarsa har ya sami wanda ya yi masa, ya biya, ya tafi.

A wannan tsakanin masu shagunan layin sun haɗu sun rubuta koke, cewa kasuwar waya tana kashe su kuma gasar ba ta adalci ba ce. Aka aiko cewa wata jami'ar gwamnati za ta zo ta saurare su. Wa zai yi magana a madadin kowa? Kafin a gama tambaya Ba-Kuskure ya riga ya miƙe.

Matarsa ce ta ce ba ta yarda ba. "Baban yara, da wannan silifas ɗin za ka tsaya gaban mutane? Ɗauki ɗaya a shago mana."

"In ci jarina da ƙafata? Ba baki za a saurara ba? Ƙafa za a saurara?"

Ba ta yi musu ba. Washegari da ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi ya baje a benci yana minshari, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ta jawo katakon a hankali, ta jingina diddigensa, ta duba lamba, ta mayar da katakon inda yake.

Safiyar taron, ya sa rigarsa mafi kyau yana gwada jawabi a madubi, sai ta ajiye masa takalmi sau-ciki a gaba, baƙi wul yana walƙiya.

"Kyauta ce. Sa mu gani."

Yana kallo ya san akwai magana. "Anya wannan zai shige ni?"

"Me zai hana? Da katakon Baba na auna ka kana barci. Ko katakon ya fara ƙarya ne?"

Ta tsaya tana kallonsa, hannu a ƙugu.

"Ƙarya? Katakon gidanmu? Miƙo cokali."

Da cokali, da man shafawa, da taimakon matar tana danna diddige, ƙafar ta shiga. Da ya miƙe sai da ya ga wuta. Tsakanin gidansa da rumfar taron bai fi taku ɗari biyu ba, amma ya yi su kamar mai tsallaka kogi a kan duwatsu, yana murmushi yana haɗiye kuka.

"Maƙwabci, yau kai ma?" in ji mai aski.

"Tafiyar manya ce. Ba ka saba gani ba."

An cika maƙil a rumfar. Jami'ar mace ce mai natsuwa, da littafi da biro a hannu. Aka ba Ba-Kuskure lasifika. Gaskiya a faɗe ta, ya yi magana. Azabar ƙafa ta sa muryarsa rawa, mutane suka ɗauka kishi ne.

"Ranki ya daɗe, mu ke biyan hayar shago. Mu ke biyan wuta, mu ke share ƙofa, mu ake zuwa wa karɓar haraji. Su kuwa ba su da ko benci a layin nan, bencinmu suke aro! Mutum ya sha iskar fankata, ya taka katakona, ya kai kuɗinsa inda ba a san sunan uwarsa ba. In mun rufe, wa zai gaishe ku da safe? Waya?"

Aka ɗauki tafi. Hawaye na zuba a idonsa, na gaske, daga yatsun ƙafa suke tahowa. Jami'ar tana rubutu tana gyaɗa kai. Da a nan ya zauna, da ya ci nasara. Amma ina! Ba-Kuskure bai taɓa ganin tafi ya bar shi ya huce ba.

"Kuma ba a nan ta tsaya ba! Dubi jama'ar nan, ranki ya daɗe. Ku miƙe ku taka ta gani!"

Aka miƙe. Rabi na ɗingishi, rabi na faɗ-faɗ, tela na jan zaren ƙyalle a baya.

"Kin gani? Lambobinsu na bogi ne! Ha'inci suke yi!"

Jami'ar ta ajiye biro. "Wannan babbar magana ce. Da me kuke auna ƙafa a nan?"

"Da katakon da bai taɓa ƙarya ba shekara arba'in!" in ji mai aski, kuma kafin Ba-Kuskure ya ce uffan ya ruga ya ɗauko.

"A'a, bar shi, fentin bai bushe..."

"Wane fenti?" in ji jami'ar. Ta zare takalminta. "Ni dai tun ina budurwa talatin da tara nake sawa." Ta jingina diddige, ta sunkuya. "Talatin da shida."

"Ƙafa tana motsewa da safe, ranki ya daɗe."

"Tawa ba ta motsewa. Tela, ara min tef ɗinka."

Ta shimfiɗa tef a kan katakon. Tana aunawa tana girgiza kai, har ta kai farce ta kankare fentin, sai ga wata lamba a ƙasa, ta ƙara kankarewa sai ga wata.

"Malam, wannan katakon sau nawa aka sauya masa ra'ayi?"

Ba-Kuskure ya ɗaga yatsa zai yi bayani. Daidai nan ƙafafun suka ce sun gaji. Ya yi luu, ya zube a kan kujera, ya fasa ihu, "Ku cire min! Don girman Allah ku cire min!"

Aka ja, bai fita ba. Direba ya riƙe kafaɗa, tela ya riƙe takalmi, aka ja har kujera ta karye. Daga ƙarshe mai aski ya zaro almakashi ya tsarge fatar tun daga sama. Ƙafar ta fito a kumbure, yatsun sun rungume juna. Mai aski ya leƙa cikin takalmin, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ga tambarin kantin waya nan, ja zur, irin na jikin akwatin babur.

"Jama'a! Sarkin yaƙi da waya, a waya aka sayo masa!"

"Ni na saya," in ji matar daga baya, ko a jikinta. "Na tambaye shi ragi a shagonsa tun bara, ya ce ko uwarsa ce ba ragi. Kuma lambar da katako ya ba ni ita na saya. Baban yara, ashe kai ka lalata katakon Baba?"

Nan fa rumfa ta kacame. Tela ya zaro ƙyallen takalminsa ya wurga masa. "Yaya, wata guda ina zagin mutanen da ba su ci min komai ba!" Direba ya ce saura ƙiris ya kashe mai kifi. Matar mai gyaran rediyo ta ce a biya ta takalminta na cikin kwata. Jami'ar ta rufe littafinta ta ce, "Maganarka ta farko gaskiya ce, kuma na rubuta ta. Amma yanzu in na kai ta, wannan katakon za a fara tambayata."

Masu shaguna suka dube shi, kallon da ya fi zagi ciwo. Hedimasta ya matso. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki katakon, ya shafa inda yankan wuƙa yake a da, ya ajiye masa a cinya, ya juya da sandarsa.

"To, ɗayan dai bai yage ba, amma ba a mayar da ƙafa ɗaya," in ji matar. "Sai in sake sayo maka. Nawa ce lambarka ta gaskiya?"

"Arba'in da... da huɗu. A'a, da uku." Ya dubi katakon. Ya juya ya dubi shagonsa, kantoci uku, babu lamba ɗaya ta gaskiya a ciki. Silifas ɗinsa kuwa ko a lokacin ƙuruciyarsa ba shi da lamba.

Sai ga Mai Jan Akwati ya kutso, ya cire hular kwano. "Kada ka damu, Maigida, ga sauƙi ya zo." Ya zaro wata takarda mai kauri ya warware a ƙasa. Hoton tafin ƙafa ne, da lambobi a jere. "Manyanmu sun ce duk garin nan ba inda ake mayar da takalmi kamar layinku, shi ne suka bugo wannan. Daga yau kowane kwali da ita a ciki, kyauta. Kowa ya auna a ɗakinsa, ba sai ya wahalar da kai ba."

Ya durƙusa, ya kama kumburarriyar ƙafar Ba-Kuskure da ladabi, ya ɗora a takardar.

"Arba'in da huɗu."

"Ai na faɗa," in ji Ba-Kuskure, murya can ƙasa. "Da farko abin da na ce ke nan."

Ba wanda ya ji shi. Jama'a sun riga sun yi layi a bayan Mai Jan Akwati, kowa da takalmi a hannu, ana rabon takarda.

Washegari ya buɗe shago da wuri, ya share ƙofa, ya goge benci, ya kunna fanka. Ya zauna da katakon a gabansa da 'yar wuƙa a hannu, yana laluben inda mahaifinsa ya fara yanka. Har rana ta take ba wanda ya shigo, ko mai cewa bari in je in dawo.